Tsohuwar Fijon Gidanmu da Bashin Tarkwa



Duk wanda ya taɓa bi ta lungunmu a Nima, nan birnin Ankara na ƙasar Gana, tsakanin 1999 da 2022, ya san wata tsohuwar mota da ke durƙushe jikin katangar masallacin da mahaifinmu yake limanci. Fijo ce ƙirar 404, mai buɗaɗɗen baya, irin wadda mutanen Najeriya suke kira a-kori-kura. Tayoyinta sun daɗe da nutsewa cikin ƙasa, kaji suna saka ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba, mai koko da ƙosai kuma ta mai da bayanta ma'ajiyar tukwane. Mu da muka tashi a gidan, a cikinta muka koyi tuƙin baki, a cikinta muke ɓuya idan mun gudu daga makarantar allo, kuma a cikinta ake kama mu.

Abin da yake ba baƙi mamaki shi ne sitiyarinta yana hannun dama. Dalili kuwa, ta riga sauyin hanya zuwa ƙasar nan: har ranar 4 ga Agusta 1974 motocin Gana gefen hagu suke bi, irin na Ingila. Iyakar abin da muka sani game da ita ke nan, sai kuma cewa ta kakanmu ce, mahaifin Baba, wanda ya rasu a 1984 kafin a haife mu, kuma Baffa, ƙanen Baba, ya ci gaba da tuƙa ta har injin ya kwanta.

A 2022 jama'ar masallaci suka nemi a faɗaɗa wurin alwala, motar kuwa ita ce ta tare wurin. 'Yan gwangwan suka zo suka ƙwanƙwasa ta, suka yi tayi gwargwadon nauyin ƙarfenta. Mu duka mun yarda, har mun fara raba kuɗin a zuci. Da muka kai wa Baba maganar bayan sallar isha'i, sai ya yi shiru mai tsawo, sa'an nan ya shiga ɗakin littattafansa ya fito da wani tsohon Dala'ilu na kakanmu. Daga tsakiyarsa ya zaro wata takarda da ta koma ruwan ƙasa, rubutun ajami da tawadar allo. Ya ce, "Ku zauna. Motar nan ba tamu ba ce duka."

Domin mai karatu ya fahimci takardar, dole mu koma Tarkwa, garin zinariya da ke yammacin Gana. An haifi kakanmu a Salaga, mahaifinsa Bakano ne daga cikin fataken goro, mahaifiyarsa Bagonjiya. Tun bayan yaƙin basasar 1892 kasuwar Salaga ta mutu, saboda haka samarin zamaninsa kudu suke nufa, ko gonakin koko ko ramin zinariya. Shi rami ya zaɓa, ya isa Tarkwa a 1948. Mutanen ƙasar Wasa sun daɗe suna haƙar zinariya a wurin da hannuwansu tun kafin zuwan Turawa. Wajen 1878 wani Bafaranshe mai suna Bonnat ya buɗe ƙofar kamfanonin Turai, jirgin ƙasa daga Sakondi ya iso garin a 1901, ya kai Kumasi a 1903, daga nan manyan injuna suka shigo, ramuka suka yi zurfi. Aikin can ƙarƙashin ƙasa kuwa, mafi yawansa a kan mutanen arewa ya faɗa: Dagati, Farafara, Mosawa, Zabarmawa da Hausawa. Shi ya sa duk garin ma'adinai a ƙasar nan, Obuwasi ne, ko Firestiya, ko Akwatiya mai lu'ulu'u, ko Nsuta mai manganis, za ka tarar da zango a gefensa, da masallaci, da mahauta, da Hausa a bakin kowa.

Dutsen Tarkwa tsakuwa ce fara da ta manne da juna, zinariyar tana tsakaninta ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinta. Sai an huda dutsen da inji, a cusa nakiya, a fasa, a kwashe, a niƙa. Kakanmu mai riƙe injin huda ne a ɗaya daga cikin kamfanonin yankin. Ƙurar da ke tashi daga irin wannan dutse kaifi gare ta kamar garin kwalba. Tana zama cikin huhu tana yi masa tabo a hankali, shekara goma ko ashirin, har numfashi ya ƙuntata. Likitoci suna kiran cutar silikosis, ba ta da magani har yau, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Kakarmu Hajiya, Allah ya jiƙanta, ta kan ce ta fi sanin mijinta da tarinsa fiye da sallamarsa, domin tun daga bakin lungu take jin ya dawo.

A can ne ya haɗu da abokinsa, wani Ba'are daga Dogondutsi, wanda ya tako da ƙafa zuwa Kurmi kamar dubban mutanen Nijar na wancan zamani, masu gudun haraji da aikin tilas na Faransa, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Ɗaki ɗaya suka kama a zangon Tarkwa. Tare suka ci wuyar babban yajin aikin mahaƙa na 1955 zuwa 1956, wanda ya kai kimanin kwana 100, lokacin da tukunya ɗaya take ciyar da ɗakuna biyar. Ba'aren ya fi kakanmu hangen nesa. Ya bar rami da wuri, ya shiga kai wa kamfanoni itacen da ake tokare rufin rami da shi don kada ya rufto. Ciniki ya yi albarka, a 1968 ya sayi wannan Fijo, ya fitar da kakanmu daga rami, ya sa aka koya masa tuƙi, ya ba shi makulli.

Ba su cika shekara biyu da motar ba sai ga dokar korar baƙi. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Tsofaffin Nima da Mamobi da Sabon Zango har yau ba sa son tuna wannan wata. An sayar da gidaje da kekunan ɗinki da shaguna a kan kuɗin mota zuwa iyaka, waɗansu kuma sun rufe ƙofa kawai sun tafi. Kakanmu ya tsira saboda mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, abokinsa kuwa ba shi da takarda ko ɗaya bayan shekara ashirin da wani abu.

Masu sayen kayan gudu sun yi wa motar tayi na wulaƙanci. Kakanmu ya ce shi ba zai ci abokinsa da dokar gwamnati ba. Suka je gaban limamin zango da shaidu biyu, aka yi wa motar kuɗinta na gaskiya, sidi 1,200. Ya tattara abin da ya fito da shi daga rami, da adashin Hajiya, da 'yan kunnenta, ya kai 800. Takardar da Baba ya karanta mana a daren nan ta ƙare da cewa, "Saura sidi 400, sulusin mota, yana hannunsa har Allah ya haɗa mu." Allah bai haɗa su ba. Kakanmu ya aika saƙo sau biyu ta hannun fataken goro, ba amsa. Sa'an nan fari da yunwar 1973 da 1974 suka watsa mutanen ƙauyukan Nijar. Shi ma tari ya tsananta, ya taso da iyalinsa Ankara don ya kusanci asibitin Kole Bu, motar ta koma ɗaukar buhunan hatsi a kasuwar Nima ta ranar Laraba, da kai gawa maƙabarta kyauta idan an yi rashi a unguwa.

Kafin ya cika ya damƙa wa Baba takardar. A nan Baba ya faɗi abin da bai taɓa faɗa a gabanmu ba. Ya ce shekara 38 yana hawa mumbari yana tunatar da mutane cewa ana biyan bashin mamaci kafin a raba gado, takardar kuwa tana cikin littafi, taku huɗu daga inda yake kwana. Kowace shekara yakan yi niyya bayan azumi, sai hidima ta taso. Ba mu san inda za mu sa idanunmu ba. Ɗan liman yakan saba ganin mutane suna kawo wa mahaifinsa laifinsu. Bai saba jin na mahaifin ba.

Ƙanenmu, wanda ya karanta lissafin kuɗi, shi ya fara karya shirun. Ya ce ai abin mai sauƙi ne. A 2007 an sauya kuɗin Gana, sidi 10,000 na da ya koma sidi ɗaya, saboda haka sidi 400 na takardar nan pesuwa 4 ne a yau, ko ruwan leda ba za su saya ba. Ya yi dariya, ba wanda ya taya shi. Yayanmu kuma ya ce tun da da guminsu na zinariya aka sayi motar, a auna da zinariya. A 1969 sidi ɗaya ya yi kusan dalar Amurka ɗaya, ozar zinariya kuwa dala 35 ce, wato bashin ya haura oza 11. A farashin 2022, wajen dala 1,800 kowace oza, kuɗin ya doshi dala 20,000. Baffa ya miƙe tsaye ya ce, "Yaya, ko gidan nan za mu sayar?" Tun da oza ta wuce dala 3,000 a watan Maris na 2025 muka daina yin wannan lissafi a gaban Baffa, saboda hawan jininsa.

Tsakanin pesuwa 4 da oza 11 akwai fili mai faɗi, kuma malamai sun daɗe suna saɓani a cikinsa. Mafi yawansu suna ganin bashi ana biyansa da adadin da aka karɓa, ko kuɗi ya hau ko ya sauka, don a toshe ƙofar riba. Waɗansu, kamar Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa, suna ganin idan darajar kuɗi ta sauya a koma ga ƙimarsa. Baba ya kwana uku tsakanin Risala da Muhtasar da sharhohinsu. Da ya tara mu, sai ya nuna mana cewa takardar ta ce "sidi 400", ta kuma ce "sulusin mota", ba a san wanne mai rubutun ya fi nufi ba. In bashi ne, sulhu ne mafita, sulhu kuwa ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. In tarayya ce, ba mu da ikon sayar da sulusin wani ga 'yan gwangwan. Ta kowace fuska, sai an nemo magada. Kafin nan kuma amana ba a barinta tana ruɓewa a gindin katanga. Ya ce a tashe ta.

Mun yi gunaguni, ba za mu ɓoye ba. Da kuɗin da gyaran ya ci, da mun sayi aboboya sabuwa, mai ƙafa uku, ta fara kawo kuɗi washegari. Amma aka ɗaura mata igiya aka ja ta zuwa Kokompe, unguwar makanikai da ke Darkuman, wurin wani dattijo da kowa ke kira Masta, wanda ya koyi aiki tun Fijo tana sarauniyar hanya. Yaransa suka kewaye ta suna dariya, suna neman inda ake saka giya, domin sandar giyarta a jikin sitiyari take. Masta ya kore su, ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallon injin da ke kishingiɗe gefe guda kamar yadda aka ƙera shi, sa'an nan ya ce, "Malam ƙarami, wannan barci take yi."

Fistan huɗu sun manne da tsatsa. Mako uku yana zuba musu man gas da baƙin mai ta ramin fulogi yana jira, yana cewa wanda ya yi gaggawa da guduma shi ke sayen sabon inji. Ya nuna mana hikimar masu ƙirar: silindar injin 404 hannun riga ce ta ƙarfe da ake zarewa a sa wata, saboda haka injin yana iya sabuntuwa sau da yawa a hannun makanikin ƙauye. Wannan, da ƙarfin sifirin ɗinta na baya da ke ɗaukar kusan tan ɗaya, shi ya sa ta yi suna a Afirka. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, ta ci tseren Safari na gabashin Afirka sau huɗu a shekarun 1960, an harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar Fijo a 1975, a Kenya kuma ba a daina fitar da ita ba sai 1991.

Neman kayan gyara shi ya fi cin rai. A Abose Okai, inda ake cewa ba abin da ba a samu, samarin shaguna ba su ma san lambar ba. Ringi da gaskit da hannayen silinda daga Lome suka zo, kafireta daga Kwatano ta hannun wani ɗan'uwa mai fataucin atamfa, gilashin gaba kuwa daga wata gawar Fijo a Suwame ta Kumasi. Ƙasan gidan direba ya cinye sarai, sai da mai walda ya yanka sabon faranti. Mai fenti ya so ya toshe waɗansu ramuka takwas da ke jere a gefen bodi, Baffa ya hana, ya ce nan ake kafa sandunan da ke tare itacen tokare rami. Aka bar su.

Ranar da aka cire kujera, a cikin jar ƙasa da kashin kaji, wani yaron Masta ya tsinci ƙwandalar tagulla mai huda da lamba. Ya ɗauka tsohon kuɗi ne. Baffa ya karɓa ya goge da bakin rigarsa. Lambar rami ce. Kowane mahaƙi yana da irinta, da ita ake sanin wanda ya sauka da wanda ya fito, idan aka tashi aiki aka ga ta wani ba ta koma wurinta ba, an san akwai mutum a ƙasa. Ko ta kakanmu ce ko ta abokinsa, ba wanda ya rage da zai faɗa. Tana rataye da makullin motar yanzu.

Wata 14 aikin ya ɗauka. Da injin ya tashi, da hayaƙi da tari kamar mai ita, Baffa ya zauna a dama ya riƙe sitiyari, bai ce komai ba. Tafiyarta ta farko mai nisa, a 2024, Tarkwa muka nufa da Baba, kimanin kilomita 300 ta Kef Kos da Takoradi, muna tsayawa muna ba lagireto ruwa. A gadar Beposo muka leƙa kogin Pra, ruwansa ya koma kamar kunun kanwa saboda galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage da ake yi da manyan injuna a cikin koguna, ana kama zinariyar da zaiba. A cikin masu wannan aiki akwai samarin zangunanmu, har da waɗanda muka yi allo tare. Yana da wuya a yi wa mai yunwa wa'azi, amma wanda ya ga ruwan nan ya san garuruwan da ke shansa su ke biyan kuɗin. Kakanninmu huhunsu suka bayar. Na yanzu har da ruwan shan jikokinsu suke haɗawa.

A Tarkwa ba mu sami ramin kakanmu ba. Aikin ƙarƙashin ƙasa ya tsaya a can tun ƙarshen shekarun 1990, yanzu daga sama ake yanke duwatsun, manyan motoci da tayarsu ta fi Fijonmu tsawo suna kwasa. Jami'ar koyon aikin ma'adinai tana garin, da ɗalibai masu farar hular ƙarfe. A zango wani tsoho ya zagaya motar sau biyu, ya sa yatsa cikin ramukan bodin, ya ce ya san aikinsu. Ya raka mu tsohuwar maƙabarta, inda mutanen arewa suke kwance ba suna ba alama, Baba ya yi musu addu'a ya daɗe.

Neman magada kuwa, ta hanyar albasa aka dace. 'Yan kasuwar albasa na Nijar, waɗanda aka tayar daga Agbogbloshi zuwa Ajen Kotoku a 2021, suna da mutane daga kowane yanki. Baba ya yi saƙon murya, da sunan mutumin da na mahaifinsa da shekarar da ya bar Tarkwa, aka yi ta tura shi daga waya zuwa waya ta WhatsApp. Wata bakwai ba labari, sai amsoshi biyu na masu cewa su ne, waɗanda suka kasa faɗin sana'arsa. A farkon 2025 saƙo ya zo daga wani ƙauye a arewacin Dogondutsi, muryar wata tsohuwa. Ta ce a Tarkwa aka haife ta, tana da shekara bakwai aka ɗora su a babbar mota. Ta ce mahaifinta bai fi shekara shida da komawa ba tari ya kashe shi. Sa'an nan ta tambaya, ko motar har yanzu shuɗiya ce, kuma ko direban nan mai tari da ke saya mata rake yana da rai.

Mun yi mata farin fenti, domin tsatsa ta cinye launin har Baffa ma ya yi rantsuwa fara ce. Da muka kankare cikin ƙofa, shuɗi ne a ƙasa.

Ba a kai ga sulhu ba tukuna. Magadan shida ne, biyu sun rasu sun bar 'ya'ya, ɗaya yana Legas, kuma babbar ta ce ba za ta yanke komai ita kaɗai ba. Baba ya aika musu hoton takardar da lissafin duka biyun, na pesuwa da na oza, bai ɓoye ko ɗaya ba, ko da yake Baffa ya so a bar na biyun. Akwai kuma maganar abin da motar ta samu cikin shekara 30 da ta yi tana aiki, wadda ba wanda ya rubuta. A halin yanzu tana fita ranar Laraba da Asabar, ɗan Baffa yana tuƙi, kuma duk abin da ta kawo, bayan mai da gyara, ana cire sulusi a rubuta a littafi a ajiye. Masta ya ce shuɗin fenti irin na 1968 sai an haɗa shi da hannu, ya ce mu kawo ta bayan salla.